Famfon da Bai Lalace Ba

Mai Famfo ya kwance kan famfon, ya zaro robar ciki, ya ɗaga ta saitin taga yana juya ta. Sabuwa fil. Shi da hannunsa ya sa ta makon jiya, kuma wadda ya cire a ranar ma lafiyarta lau. Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya kifa bokiti ya zauna a tsakiyar banɗakin maƙwabcinsa, sifana a cinya.

"Kawu, an gano matsalar?" in ji Amarya daga tsakar gida. Shanya take yi, ba ta ko juyo ba.

Amarya matar ɗan mai gidan ce. 'Ya'yanta uku, babbar har ta shiga sakandare, amma sunan da aka laƙa mata ranar da aka kawo ta ya ƙi sakinta. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi makonni a hanya, don haka gidan daga ita sai yara sai surukinta, Baba Tela.

"Ina kan dubawa," in ji Mai Famfo.

"Ni dai ruwa nake ji yana zuba, ya daɗe yana zuba, ya tsaya, an jima kuma ya dawo. Ka tambayi Baba mana, ƙila shi ya fi ni lura."

Ta yarfe hannu, ta ɗauki mayafi ta ce za ta leƙa kasuwa, har da ja musu ƙofar gida.

Mai Famfo ya mayar da komai, ya buɗe, ya rufe. Ko ɗigo. Shi kuwa mutum ne da ya tsani a kira shi aiki ɗaya sau biyu, gani yake zaginsa aka yi. Yana tattara kaya yana ƙunƙuni sai ya ji jan silifa a bayansa.

"Injiniya, har yanzu famfon ya fi ƙarfinka?"

Baba Tela ne, tef a wuya, tabarau a karan hanci. Shagonsa ɗakin gaban gidan ne, ƙofarsa tana kallon titi, bango ɗaya kuma ya raba gidansa da na Mai Famfo. Tun Mai Famfo yana saɓa jakar ubangidansa tsohon ya sa masa Injiniya don tsokana, yau ga shi da furfura a gemu, sunan yana nan. Tsoho ne mai tsabta har ta so ta yi yawa, rigarsa kullum a goge, bakinsa kuwa ya fi almakashinsa kaifi.

"Baba, famfon nan ba abin da ya same shi. Ko dai yara ke wasa da shi, ko kuma kunnen Amarya ne."

Baba Tela ya leƙa tsakar gida ya ga ba kowa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa.

"Ba yara ba ne. Ni ne."

Mai Famfo ya ɗago.

"Ni nake buɗe shi. In na shiga, bawalin ba ya zuwa, Injiniya. Ga matsuwa kamar me, amma in yi ta tsayuwa, shiru. In na saki ruwa ina jin ƙararsa, wani lokacin sai ya fara zuwa kaɗan-kaɗan, ya yanke, ya dawo. Kafin in koma kan keken ɗinki kuma sai in ji kamar ban yi ba." Ya rage murya. "Sannan ƙarar tana rufa min asiri. Ga ɗakin girkin yarinyar nan manne da ƙofar banɗaki. Sau nawa zan gilma ta gabanta a yini? Matar ɗana ce fa."

Mai Famfo ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya sa shi a kan sifana. Tausayi ya kama shi, kunya ta kama shi, kamar shi ne ya yi bayanin.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun mamansu tana da rai ya fara. Da can da dare ne kawai, in tashi, in kwanta, in tashi. Yanzu ba dare ba rana."

"Ai sai asibiti."

"Asibiti. In je yarinya sa'ar jikata ta ce in kwance zariya? Tsufa ne, kowa da inda yake biyo masa. Wani ido, wani gwiwa, ni nawa ta nan ya biyo." Ya nuna shi da ƙafar tabarau. "Maganar nan tsakanina da kai ce. Ba Direba, ba Amarya, ba matarka mai baki kamar rediyo. Ka ce min ka yi alkawari."

To, me zai ce? Mutumin da ya ɗinka masa kayan angonci, ya yi renon 'ya'yansa a ƙasan teburin yanka, bai taɓa neman komai a wurinsa ba sai yau. Mai Famfo ya ce ya yi alkawari.

Amma Mai Famfo ba ya iya ganin abu ya toshe ya wuce shi, ko na wane ne. Ya kwana yana juya maganar, da safe ya shiga shagon da shawara har biyu, yana ji da kansa.

Ta farko mukulli ce. Bayan shagon Baba Tela akwai siririn lungu, a lungun kuma Mai Famfo yana da wani banɗaki da ya gina wa baƙi, ƙofarsa ta waje. Ya ajiye mukullin a cikin gwangwanin maɓallai.

"Daga yau ba sai ka ratsa tsakar gida ba. Ka buɗe ruwa son ranka, ba mai ji."

Baba Tela ya daɗe yana kallon mukullin. Da ya tashi godiya, cewa ya yi, "Ashe kana da amfani."

Ta biyu kuwa ita ce Mai Famfo ya fi alfahari da ita. Ya lura leɓen tsohon a bushe, kofin shayinsa a kife, ashe ya rage shan ruwa don ya rage zarya. Nan Mai Famfo ya gyara zama, wai shi a dole likita.

"Baba, kuskuren ke nan. Ni aikina ne wannan. Duk bututun da ruwa ba ya bi da ƙarfi, datti ke taruwa a ciki. Naka ba komai ba ne illa datti na shekaru. Ka samu ruwa mai yawa ka sha lokaci guda, ka riƙe har ya taru, sannan ka sake shi da ƙarfi. Haka nake wanke bututun gidajen mutane, bai taɓa ba ni kunya ba."

"Wato ni ma na zama magudanar ruwa."

"Kowa ma ita ce, Baba, riga ce ta rufa mana asiri."

Suka yi dariya, tsohon har da goge hawaye. Ya ce zai gwada in ya samu ranar da ɗinki ya yi sauƙi.

Bayan 'yan kwanaki Amarya ta tare Mai Famfo a ƙofar gida. Ta durƙusa har ƙasa, abin da ba ta saba yi masa ba.

"Kawu, na ji famfon ya daina. Allah ya saka da alheri, Allah ya raya maka zuri'a. Ka sauke min nauyin da na rasa yadda zan yi da shi."

Idonta har da ƙwalla. Mai Famfo ya ce ba komai, yi wa kai ne, ya wuce yana mamakin mata da son ƙara wa abu gishiri. Duk wannan addu'a a kan famfo.

Watanni suka shuɗe. Mai Famfo yana jin ƙarar ƙofar lungu, kiiii, ta buɗe, ta rufe, an jima ta sake buɗewa. Da farko yana jin daɗi, ya taimaki maƙwabci. Daga baya ƙarar ta fara cin ransa, domin tazarar da ke tsakani sai raguwa take yi, zaman ciki kuwa sai ƙaruwa. Ya ga tsohon ya daina sa takalminsa mai rufi, ya koma silifa, ita ma ta fara nutsewa a kumburin ƙafa. Ya gan shi yana gyangyaɗi a kan keke da hantsi, ƙafa a kan mataki, zare ya tsinke bai sani ba. Wata rana wani ya dawo da wando, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Baba Tela, wanda ko kallon mutum ya yi ya san awonsa, ya karɓa ya hau farke ɗinkin.

Matar Mai Famfo ba makauniya ba ce. Wata rana suna cin abinci ta ajiye cokali.

"Wai me Baba yake nema a lungunmu ne haka? Gidansu ba banɗaki?"

"Ke dai ci abincinki."

"Ni nake wanke wurin nan, na ga abin da na gani. Har da jini-jini rannan. Ka gaya wa ɗansa."

"Na yi masa alkawari."

"Alkawari. To ka riƙe shi da kyau, ka ga ko shi zai yi masa magani."

Mai Famfo ya sake tuntuɓar tsohon da zancen asibiti, tsohon ya taka keke da ƙarfi ya ce bai ji ba, ƙara ta yi yawa. Da Direba ya dawo hutun kwana biyu, Mai Famfo ya same shi a bakin titi yana wanke fitilun mota, ya tsaya kusa da shi, ya yi gyaran murya.

"Ɗan Baba, akwai maganar da nake so mu yi."

"Ina jin ka, Kawu."

Sai ya ji keken ɗinki ya tsaya. Ya waiwaya. Baba Tela yana kallonsa ta saman tabarau, ba harara ba, kallo ne na roƙo, irin wanda Mai Famfo bai taɓa gani a fuskar nan ba.

"Tayarka ta baya ce na ga ta suɗe," in ji Mai Famfo. "Ka canza ta kafin ka hau hanya."

Direba ya yi godiya, washegari ya tafi.

Ranar da abin ya faru, Mai Famfo yana yanka bututu a ƙofar gida da hantsi. Ya ji ƙofar lungu ta buɗe, ya gama yanka, ya goge baki, ya shafa gam, ya haɗa, ya ɗauko wani, bai ji ta sake buɗewa ba. Ya zagaya ya ƙwanƙwasa.

"Baba?"

Ruwa ne kawai ke zuba. Can ya ji nishi.

Ya sa kafaɗa ya ɓalle sakatar da shi da kansa ya kafa. Baba Tela yana durƙushe, goshi jingine da bango, riga sharkaf da gumi, hannu biyu a kan mara. Marar ta taso ta yi tauri kamar an cusa ƙwarya a ƙarƙashin rigar.

"Tun jiya da yamma ko ɗigo," in ji tsohon, muryarsa da ƙyar take fita. "Na ce bari in gwada maganinka. Na sha, na sha, na ƙara. Ya taru, Injiniya, amma ya ƙi fita."

Mai Famfo ya juya zai fita.

"Zan kira Amarya."

"Ka yi min alkawari."

"Na karya shi, Baba. In ka warke ka zage ni."

Ya fita lungun yana ƙwala mata kira. Amarya ta fito da ludayi a hannu, ta kalli fuskarsa, ba ta tambayi komai ba. Ta jefar da ludayin, ta ɗauko zanen gado ta lulluɓe surukinta tun daga kafaɗa har ƙafa, ta tsayar da tasi. A hanya duk ramin da motar ta faɗa sai tsohon ya damƙe hannun Mai Famfo, amma fuskarsa tana kallon taga, bai yarda ya haɗa ido da ita ba.

A asibiti aka ja labule, aka sa masa robar fitsari. Daga bayan labulen Mai Famfo ya ji nishin yana raguwa, har ya koma wata doguwar ajiyar zuciya. Aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka ce su jira. Sai bayan azahar likitar ta kira su. Yarinya ce kuwa, ba ta fi sa'ar babbar 'yar Mai Famfo ba, da alamun gajiya a idonta.

"Kowane namiji yana da wata 'yar tsoka a ƙarƙashin mafitsara," in ji ta, tana kwatantawa da yatsu, "ba ta wuce ƙaramin lemun tsami ba, hanyar fitsari kuma ta tsakiyarta ta ratsa. In shekaru suka ja, ga maza da yawa sai ta yi ta girma tana matse hanyar. Ba kullum ita ce ba. Wani ciwon sukari ne, wani ƙwayoyin cuta, wani tsakuwa, wani kuma ciwon daji, shi ya sa muke so a zo da wuri mu duba. Na Baba tsokar ce. Mafitsararsa ta daɗe ba ta juye abin da ke cikinta duka, yana ta komawa baya, har ya taɓa ƙoda. Duka biyun."

"Wato ba datti ba ne a ciki?" in ji Mai Famfo.

"Ba datti. Matsewa ce daga waje."

Bututu nawa Mai Famfo ya haƙo wanda saiwar bishiya ta naɗe ta shaƙe? Ko ɗan koyo ya san ba a ƙara wa irin wannan ruwa, baya zai koma. Shi da ya sani, shi ne ya zauna a shago yana ba da fatawa.

"Likita, ni na ce ya sha ruwa da yawa ya riƙe."

Ta dube shi, ba ta yi faɗa ba. "Mai yiwuwa ruwan ya gaggauta abin da ya faru yau. Amma ba shi ya ɓata ƙodar ba, wannan aikin shekaru ne. Abu ne da muke magancewa kullum, wani da ƙwaya kawai, wani da aiki. Da an kawo shi ko watannin baya ne…" Ta rufe maganar da cewa za su yi iya ƙoƙarinsu.

Suka fito suka zauna a dogon benci, tazarar mutum biyu a tsakaninsu. Amarya tana ta naɗe bakin mayafinta a yatsa tana warwarewa.

"Kawu, wane asibitin ka kai shi a wancan lokacin? Ba su ga wannan ba?"

"Wane lokacin?"

"Lokacin famfo."

"Ban kai shi ko'ina ba. Mukullin banɗakina na ba shi."

Ta juyo gaba ɗaya ta kalle shi, karo na farko tun da ya san ta.

"Kawu, na san famfon nan lafiyarsa ƙalau. Ni nake wanke kayan Baba. Ina jin shigarsa, ina jin fitarsa, in na ji tahowarsa ɗaki nake shigewa don kada ya gan ni ya ji nauyi. Da wane bakin zan yi masa wannan magana? Na gaya wa mai gidan a waya, ya tambaye shi, Baba ya ce sharrin mata ne, har ya yi kwana biyu bai ci abincina ba. Shi ne na yi ta kiranka, na ce kai namiji ne, abokinsa ne, in ka zo ka ga famfo ba abin da ya same shi, za ka gane. Da na ji ruwan ya daina zuba, na ga ya daina zarya, wallahi na ɗauka ka kai shi an ba shi magani."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zarge shi ba. Hawaye ne kawai ke sauka tana sharewa da mayafi. Mai Famfo ya so a ce ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Direba ya iso washegari, ido jajur, ya bar mota da kaya a hannun wani. Aka yi wa Baba Tela wankin ƙoda, aka sake yi, zuciyarsa ta nuna ba za ta ɗauka ba. Zazzaɓi ya shiga, ya fita, ya dawo. Bayan 'yan makonni tsohon ya ce a mai da shi ɗakinsa, ya gaji da silin ɗin mutane. Likitar ba ta hana ba.

Ya dawo da robar a jikinsa, da jakar da fitsarin ke taruwa a ciki rataye a gefen gado. Abu na farko da ya nema allura ce da zare da wani guntun yadi ruwan toka. Hannunsa yana rawa, sai Mai Famfo ne ya zura masa zaren. Yini guda ya yi yana fama, ya ɗinka wa jakar riga, har da maɓalli da ɗan maratayi.

"Masu dubiya ba sai sun ga abin da ba su zo gani ba," in ji shi. "Duba kalmasar nan. Ko a gadon mutuwa na fi yaran yanzu."

"Baba, ka yafe min."

"Me ka yi?"

"Ruwan nan. Da mukullin. Da shirun da na yi."

"Ruwa dai ka cuce ni, Injiniya, ban taɓa shan wuya irin ta ranar ba. Daga yau ka tsaya a famfonka." Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi, ya huta. "Shiru kuwa ni na ɗinke maka baki. Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Yarinyar nan likita. Ta gama abin da za ta yi tana tambayata ko ina ɗinka kayan mata. Ko a jikinta. Abin da na yi shekaru ina gudu ke nan, bai kai a ɗinke maɓalli ba."

Mai Famfo ya gyara masa matashi.

Juye jakar aikin Direba ne, in ba ya nan Mai Famfo. Wata rana da la'asar duka biyun suka makara, Mai Famfo ya shigo da sauri ya tarar Amarya durƙushe a gefen gado da bokiti, ta ɓalle maɓallin rigar jakar tana juyewa. Ya tsaya a bakin ƙofa. Baba Tela ya juya fuska bango, idonsa a rufe, kamar mai barci. Ta gama, ta goge bakin robar, ta mayar da maɓallin, ta ɗauki bokiti za ta fita.

"Sannu, 'yata," in ji tsohon, bai juyo ba. "Na wahalar da ke."

"Ba wahala, Baba."

"Da can ma ke nake gudu, ga shi ke ɗin ce."

Ta tsaya da bokitin a hannu, kafaɗunta suna rawa. Sannan ta ce za ta kawo masa ruwan ɗumi ya goge fuska, ta fita.

Daga nan barci ya yi ta cin ƙarfinsa. Ya daina tsokana, ya daina neman shayi, in an yi magana sai ya buɗe ido ya kalli mai maganar ya mayar. Ranar da ya cika, Mai Famfo yana tsakar gidansa yana wanke hannu zai ci abincin rana. Ta bayan bango ya ji muryar Direba tana kiran Baba, a hankali, ya sake kira, sannan ya ji Amarya ta kira sunan babbar 'yarta ta ce ta fitar da ƙannenta waje. Ya tsaya da sabulu a hannu. Matarsa ta fito daga ɗakin girki, suka kalli juna, ta ce, "Allah ya jiƙan Baba," ta koma ta sauke tukunya.

Bayan an dawo daga maƙabarta aka jera kujeru a gaban shagon, ƙofarsa a rufe. Maza suka zauna, masu ta'aziyya suna zuwa suna tafiya. Kowa da abin da yake tunawa. Wani ya ce marigayin ya taɓa ƙin ɗinka masa riga don ya ce yadin bai dace da tumbinsa ba, aka yi dariya kaɗan. Wani ya tambayi abin da ya yi ajalinsa, wani ya amsa da cewa tsufa ne kawai, aka gyaɗa kai. Mai Famfo ya buɗe baki, ya rufe.

A kujerar da ke gefensa akwai Mai Agogo, wani dattijo siriri da ke da ɗan teburin gyara a bakin kasuwa, abokin hirar marigayin. Tun da aka zauna bai natsu ba. Ya miƙe ya ce bari ya amsa waya, ya zagaya bayan gida. Ya daɗe, ya dawo ya zauna a bakin kujera, ya haɗe gwiwoyi. Aka zagayo da ruwa a kofuna, ga rana tana dukan mutane, ya ɗaga hannu ya ce ya ƙoshi. Ba a jima ba ya sake miƙewa.

"Waya ce kuma," in ji shi, ba wanda ya tambaye shi. Wayar tana kan kujera, ya manta da ita.

Mai Famfo ya bi bayansa da kallo har ya sha kwana. Mutumin nan ya girme shi nesa ba kusa ba, gaisuwa ce kawai ke haɗa su, kuma an san shi da saurin fushi. Ya kalli ƙofar shagon, ya kalli wayar.

Ya ɗauke ta, ya miƙe, ya ratsa tsakanin kujerun yana ba mutane haƙuri. A bakin kwanar ya tsaya, ya ba wurin baya, ya jingina kafaɗa da bango a 'yar inuwar da ta rage. Yana riƙe da wayar dattijon da hannu biyu, yana jiran ya fito.